Wuƙata Mai Naɗewa da Usur ɗin Yaya

Shekarar da na fara koyarwa, wata makarantar firamare aka tura ni a wani ƙauye cikin ƙasar Gwaram, ni kuwa ina zaune a gidan mahaifina a Birnin Kudu. Kullum da sassafe sai mu shiga motar haya mu sauka a wata mararraba, daga nan wani dattijon ɗan acaɓa ya shiga da mu ta wata 'yar hanya da ta ratsa gonaki har ƙofar makaranta. Na ce "mu" don ba ni kaɗai ba ce. Akwai wata malama da aka tura mu tare, 'yar Surko ce, aure ya kawo ta cikin gari. Ta girme ni da 'yan shekaru, gajeriya ce mai jiki, kuma idan dariya ta kama ta sai ta nemi wurin zama, don ƙafafunta ba sa iya riƙe ta. Ina ce mata Yaya, ita kuma tana ce mini ƙanwata.

Wata ranar Laraba bayan an tashi, muna tsaye a mararrabar nan muna jiran mota, rana na dukanmu, sai ga wasu samari biyu a kan babur kamar za su wuce. Na bayan ya miƙo hannu ya fizgi jakar Yaya. Kafin mu ankara sun sha kwana. Yaya ta tsaya da guntun igiyar jakar a kafaɗa tana kallon ƙurarsu.

Abin da ke cikin jakar shi ne takardun jarrabawar 'yan aji huɗu da ba ta gama dubawa ba, da jan biro, da ragowar ɗanwake a ɗan kwano. Wayarta tana ƙulle a haɓar zaninta, ba su samu ba. Da muka shiga mota ta fara dariya har direba ya waigo.

"Ƙanwata, ki taya ni addu'a su duba mini takardun nan," in ji ta. "Ga jan biro na haɗa musu, ga abincin rana."

Ni ma na yi dariya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda muka sandare, mu biyu, ba wadda ta iya ko da ihu. Na riƙa tunanin 'yar hanyar nan ta cikin gonaki, inda za ka yi tafiya mai tsawo ba ka gamu da kowa ba sai akuya.

Washegari na ɗauki wuƙar da Inna take yanka albasa da ita, na naɗe a tsumma, na jefa cikin jaka. Kafin mu kai makaranta tsininta ya huda tsumman, ya huda jakar, ya leƙo waje yana sukar Yaya a cinya duk lokacin da babur ya faɗa rami. Da na dawo gida na tarar Inna ta birkice madafa tana nema, har ta fara zargin maƙwabta. Na lallaɓa na ajiye ta a bayan randa, na kuma taya ta mamakin yadda aka yi ta je can.

A nan muka yanke shawara cewa wuƙa mai naɗewa ce ta dace da ni: ba ta huda jaka, ba ta tsorata yara, kuma ba wanda zai san ina da ita. Yaya ta ce ita ba ta so, ko kifi ba ta iya gyarawa ba tare da ta yanke ba, amma za ta raka ni. Muka kwashe kwana uku a ofishin malamai muna kallon bidiyo a wayarta, wasu ƙattin Turawa masu zane a damtse suna buɗe wuƙa da ɗan yatsa ɗaya suna muzurai. Yaya ta riƙa kwaikwayonsu da cokalin shayi. Hedimasta ya shigo ya same ta ta ɗaure fuska ta nuna mini cokali, ya tsaya, ya juya ya fita.

Ranar kasuwa na ce wa Inna za mu je duba atamfa. Muka ratsa layin masu atamfar ba mu ko kalle su ba, muka wuce masu tumatir da masu robobi, har muka samu rumfar da aka kwatanta wa Yaya. Wani tsoho ne a ciki, siriri, mai haƙorin Makka, ya baje kwaɗuna da tocila da reza da almakashi a kan tabarma. Wuƙaƙen suna cikin wani tsohon akwatin gilashi a gefensa.

Muka gaishe shi, muka tambayi lafiyar iyali da kasuwa, muka ƙara tambaya. Yaya ta zungure ni. Na ce, "Alhaji, 'yar wuƙa nake so, mai naɗewa. Ta fere mangwaro."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Mangwaro a wannan watan, 'yata?"

Damina ta yi nisa a lokacin, ko ɗanye babu a kasuwa. Yaya ta toshe baki da hijabi, kafaɗunta suna rawa.

"Lemo," na ce.

"To, lemo. Lemon nan yana da ƙafa biyu? Yana hawa babur?"

Yaya ta zube a kan bencinsa. Ba yadda na iya, na ba shi labarin jaka da mararraba da hanyar cikin gonaki. Ya saurara har na gama, ya jinjina kai, ya ce cikin 'yan watannin nan ba mu ne mata na farko da suka zo masa da maganar lemo ba. Sannan ya buɗe akwati ya fito da guda uku ya jera a gabana.

Ta farko ita ta tafi da hankalina. Baƙa ce wuluk, tana ƙyalli, da hoton damisa a jikin ƙotar, ga ɗan maɓalli a gefe. Irin ta bidiyon nan sak. Alhaji ya ce in danna. Na riƙe ta da 'yan yatsu biyu kamar mai riƙe da kunama, na rufe ido na danna. Ta yi "tas!", ta fizge daga hannuna, ta yi sama, ta faɗa cikin tasar garin kukar wata tsohuwa da ke rumfar kusa. Kuka ta tashi kamar hayaƙi. Tsohuwar ta yi atishawa uku a jere, ta tsamo wuƙar ta miƙo mini, fuskarta ta yi kore shar.

"Ke kuma wa kike yaƙi da shi?" in ji ta.

Na durƙusa ina ba ta haƙuri, ina dariya, ina hawaye. Yaya kuwa ta kwanta a benci ta riƙe ciki tana cewa in taimake ta za ta mutu. Sai da muka sayi kukar da ba mu da niyyar saya kafin tsohuwar ta huce, daga baya ma ta jawo kujerarta kusa don ta ga ƙarshen cinikin.

Alhaji ya goge mai damisar ya mayar cikin akwati. Ya ce kyau ne da ita kawai, wata biyu maɓallin zai saki, kuma tana iya buɗe kanta a cikin aljihu. Ta biyu ja ce, mai 'ya'ya da yawa: ga almakashi, ga abin buɗe kwalba, ga abin goge farce, ga wani ƙarfe mai murɗe da shi ma ya ce bai san amfaninsa ba. Ya ce in fito da wuƙar. Na fito da almakashi. Na sake, na fito da abin goge farce.

"Sai ki ce wa ɓarawon ya miƙo hannu ki gyara masa," in ji Yaya daga kan benci.

Ta uku ba ta da wani kyau. Ƙotar katako ce, ruwan ƙasa, bakinta bai fi tsawon ɗan yatsana ba. Akwai ɗan tudu a jikin bakin inda ake turawa da babban yatsa, in ta buɗe kuma sai ta kulle kanta, ba ta naɗewa sai an danna wani ɗan ƙarfe a bayanta. Alhaji ya ce wannan kullen shi ne abin dubawa, don wuƙar da ba ta da shi tana iya naɗewa a kan yatsun mai ita. Ya sa na damƙe ta ya ga ko ta cika mini hannu, ya sa na jiƙa tafina da ruwan butarsa na sake damƙa ya ga ko za ta sulluɓe. Ba ta sulluɓe ba. Na buɗe ta sau goma, sau huɗu da hannu ɗaya.

"To yanzu sa ta inda za ki riƙa sa ta," in ji shi.

Na jefa ta cikin jaka na ja zif. Ya miƙe da ƙyar, yana dafa gwiwa. Ya ce shi ne ɓarawon, zai taho daga bakin rumfa, in kare kaina. Ya tako a hankali yana ɗingishi. Ni kuwa zif ya cije. Da ya buɗe na cusa hannu na fito da alli. Na sake cusawa na fito da cajar waya. Ina cikin lalube ya iso, ya zare jakar daga kafaɗata a natse, ya rataya a tasa, ya koma ya zauna.

"Ni ke nan da ciwon gwiwa," in ji shi. "Na samu jaka, na samu wuƙa."

Tsohuwa mai kuka har da tafi. Masu rumfunan kusa da suka taru suna kallo suka kwashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Ya ce a jikina zan riƙa ajiye ta, wuri ɗaya kullum, inda hannu zai same ta ba sai ido ya taya shi ba. Daga nan ya daina murmushi. Ya ce, "'Yata, ki ji ni da kyau. In jaka yake so, ki sakar masa. In waya ce, ki ba shi. In akwai hanyar gudu, ki gudu kina ihu. Wannan sai ranar da ke kanki yake so kuma babu mafita. Allah kada ya nuna miki ranar."

Muka ce amin.

Sai Alhaji ya laluba cikin wani gwangwani ya fito da usur na roba, ruwan ɗorawa, irin na alƙalin wasan ƙwallo, ya miƙa wa Yaya. Ya ce a ganinsa wannan ya fi wuƙar amfani a hanyar ƙauye, don manomi ko yana nesa zai ji. Yaya ta sa a baki ta busa da duk ƙarfinta. Wani jaki da ke ɗaure a bayan rumfar ya ɗauki kuka. Muka yi ciniki muka bar wajen da sauri kafin a kore mu daga kasuwa.

Na ɗinka ɗan aljihu a cikin siket ɗina ta dama, duk siket ɗin da nake zuwa aiki da su na yi musu. A ɗaki nakan rufe ƙofa in tsaya gaban madubi in zaro in buɗe, in ɗaure fuska in ce, "Kar ka matso!" cikin raɗa don kada Inna ta ji. Yaya ta rataya usur a wuya ƙarƙashin hijabi, ta kuma gano cewa yana maganin surutun 'yan aji huɗu. Makonni suka wuce, babu abin da wuƙata ta yanka sai fensir ɗin yara da rake.

Kaka ta matso, dawa ta yi tsawo har ta rufe hanyar nan hagu da dama, ba ka ganin komai sai kara da sama. Wata ranar Alhamis da azahar muna dawowa, dattijon ɗan acaɓan nan da muke ce wa Malam mai babur yana tuƙi, ina tsakiya, Yaya tana baya, sai kawai karan dawa ya dare. Wani ƙato ya faɗo tsakiyar hanya, ba riga, jikinsa duk taɓo, idonsa jajir, ya ware hannuwa yana ihu.

"Wuƙa! Wuƙa!"

Malam ya taka burki, babur ya zame a yashi, muka zube mu uku. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai ga kaina a tsaye, wuƙar tana hannuna a buɗe, ta buɗu da yatsa ɗaya kamar ta bidiyo. Yaya tana kwance rigingine, ƙafa ɗaya ƙarƙashin babur, tana busa usur ba ƙaƙƙautawa.

"Kar ka matso!" na ce, muryata ta fito siririya kamar ta 'yar tsako.

Mutumin ya dubi hannuna. Maimakon ya ja da baya sai fuskarsa ta washe. "Alhamdu lillahi!" in ji shi, ya nufo ni da gudu.

Na kurma ihu na ja da baya har na shige cikin dawa. Malam mai babur ne ya fara gane abin da ake ciki, don ya san mutumin. Ya ce, "Malama, tsaya! Ba ɓarawo ba ne, manomi ne. Aron wuƙar yake nema!"

"Bijimina zai mutu, Malama," in ji mutumin, yana haki. "Igiya ta shaƙe shi. Don Allah ki taimaka."

Ya miƙo hannu, na yi niyyar ba shi, amma yatsuna suka ƙi buɗewa. Sun damƙe ƙotar sun sandare. Ya ga ba lokacin jira, ya ce in biyo shi. Haka na bi shi a guje cikin gona, wuƙa a gaba, hijabi yana kama kara, takalmina ɗaya ya tsaya a taɓo.

A ƙarshen gonar akwai wani rami da ruwan damina ya zaizaye. Amalankensa ce ta kife a ciki da lodin gyaɗa. Bijimi ɗaya yana tsaye yana fizga, ɗayan ya faɗi, karkiya ta murɗe, igiyar roba ta shige cikin wuyansa. Harshensa ya fito, idonsa ya juye. Ƙullin ya ɗaure tamau, mutumin ya gwada da haƙori har bakinsa ya yi jini, laujensa kuma yana ƙarƙashin kayan.

Ya cusa yatsu biyu ya ɗaga igiyar kaɗan daga fata. Na durƙusa cikin taɓo na sa bakin wuƙar a wurin, kaifin yana kallon sama, na fara gogawa ina bisimilla. Ina jin ɗumin wuyan dabbar a bayan hannuna. Zare ɗaya ya tsinke, na biyu ya bi, sai igiyar ta yi "ɓas". Bijimin ya ja wani dogon numfashi mai ƙara. Ya ɗan kwanta haka, sannan ya yunƙura ya miƙe, ya girgiza, ya watsa mini taɓo tun daga goshi har ƙirji.

Mutumin ya zauna a ƙasa yana ta salati yana shafa kan bijimin. Ni kuwa sai dariya ta kama ni, irin wadda ba ta da burki, ina yi ina share taɓo ina ƙara shafa shi. Na tuna cewa ɗazun nan na nuna wa ɗan Adam wuƙa da gaske, kuma har yau ban san abin da zan yi ba da ya kasance abin da na zata ne.

Duk wannan abin Yaya ba ta daina busa ba. Da muka fito hanya muka tarar da mutane sun fi ashirin, daga gonaki suka ɓullo, masu fartanya, masu sanda, har da wata mata da taɓarya. Wani dattijo yana tambaya, "Ina ɓarayin? Ta ina suka bi?" Malam mai babur yana ta bayani ba mai saurarensa. Da Yaya ta gan ni, taɓo har gira, takalmi ɗaya, wuƙa a hannu, manomi a bayana yana sa mini albarka, sai dariya ta kama ta da usur ɗin a baki. Duk dariya ɗaya sai ya yi "fit", ta sake ya yi "fit". Nan taron ya watse da dariya. Mazan suka shiga suka tayar da amalanken, matar nan mai taɓarya ta samo mini takalmina, ta kuma wanke mini fuska da ruwan gorarta.

A gida na ce babur ne ya kayar da mu, wanda ba ƙarya ba ne. Na ɗauka magana ta mutu. Ranar Asabar da hantsi ina wanki sai aka yi sallama. Manomin ne, cikin farar riga da hula, har ban gane shi ba. Malam mai babur ne ya kwatanta masa gidan. Ya zo da ƙwan zabi cike da ƙwarya da ɗan buhun gyaɗa, ya zauna a zaure ya kwashe labari kaf ya faɗa wa Baba, har da yadda na ce kar ya matso.

Bayan ya tafi Baba ya kira ni. Na shiga zaure na durƙusa, Inna tana laɓe a bakin ƙofa.

"Ina wuƙar?"

Na zaro na miƙa masa da hannu biyu. Ya juya ta, ya buɗe, ya danna ƙarfen baya ya naɗe, ya sake buɗewa. Ya gwada kaifin a gashin hannunsa. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Tsoro kike ji a hanyar nan, ba ki faɗa mini ba?"

Na sunkuyar da kai na ce eh. Ya ce ba wuƙar ce ta ɓata masa rai ba, ɓoyewar ce. Ya ce zai yi magana da mijin Yaya da Malam mai babur, a daina barinmu tsaye a mararraba mu kaɗai, Malam ya riƙa jira har mu samu mota. Haka kuwa aka yi tun daga Litinin ɗin.

Sannan ya ce igiyar roba ta dakushe bakin. Ya sa Inna ta kawo masa dutsen wasa wuƙa da ruwa a moɗa, ya gyara zama ya fara wasawa a hankali, yana ɗagawa yana dubawa a hasken ƙofa. Da ya gama ya yanke zaren da ya zazzago a hannun rigarsa, ya gyara farcensa, ya fere wani asuwaki. Na miƙa hannu in karɓa.

"Ai yau Asabar, ba makaranta," in ji shi, ya jefa ta cikin aljihun gaban rigarsa. "Zan leƙa gona, akwai igiyoyin da zan gyara. Ki tuna mini ranar Litinin."